Baba Saje, Wanda Ya Koya Mana Tafiya da Ƙaho

Ranar Talata da hantsi ina fadama ina ba shinkafa ruwa, wayata ta yi ƙara. Binta ce, autar Baba Saje Haruna. Ko gaisuwa ba ta iya yi ba. "Yaya Isiyaku, Baba ya cika," ta ce, kuka ya ci ƙarfinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a bakin kwami, injin ban-ruwa yana ta ƙugi, na rasa wanda zan kira in gaya wa. A iya sanina, mu biyu muka rage a Haɗejiya masu riƙe da ƙahon badujala, ni da shi. Yanzu saura ni.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Saje tsohon ɗan sanda ne da ya ƙare aikinsa a cikin 'yan badujala. Da ya yi ritaya ya dawo gida, ya tara yaran makarantun gari yana koya musu begila da ƙaho mai maɓalli uku, saboda faretin ranar yara da na ranar 'yancin kai. Ina aji biyu na sakandare na shiga hannunsa. Na zo da zumuɗin busa, amma wallahi sai da rani ya yi nisa kafin ya bari bakina ya taɓa ƙarfe. Tafiya ya fara koya mana, mu da muke ganin mun iya tafiya tun muna yaye.

Ga fili nan shimfiɗe a makaranta, bai taɓa kai mu ba. Bakin kogi yake kora mu, inda laka ta bushe ta tsattsage, ga ramukan kofaton shanu ko'ina. Mu kuwa mun ga sojoji suna buga ƙafa a fareti, muka ɗauka ita ce ƙwarewa. Duk bugu ɗaya bakin ƙahon ya doki leɓe, sautin ya fito yana karkarwa kamar kukan akuyar da aka ɗaure a bayan babur. "Kai, Isiyaku!" zai daka mini tsawa. "Me ƙasar nan ta yi maka kake dukanta?" Sai ya nuna mana: diddige ya fara sauka, tafin ƙafa ya mirgina a hankali har yatsu, gwiwa a sake, ƙirji a buɗe, bakin ƙaho yana kallon gaba ba ƙasa ba. Kullum maganarsa ita ce, "Daga ƙugu zuwa ƙasa na fareti ne. Daga ƙugu zuwa sama na ƙaho ne, kada su san da juna."

Da ya ga kanmu ya ƙi ɗauka, wata ranar kasuwa ya jera mu a hanyar da matan ruga suke shigowa da nono. Wata dattijuwa ta tsaya ta ce, "Lafiya, Malam, kuka tsare hanya kuna kallon mutane?" Ya ba ta haƙuri, ya roƙe ta ta wuce kawai. Ta haye kunyoyin gona ƙwarya na bisa kanta, ko faifan bai motsa ba. Ya juyo ya ce mana, "To, sautinku shi ne nonon nan."

Mutum ne mai faɗa, ban ɓoye ba, amma shi ne yake shafa mana man kaɗe da yatsansa idan leɓe ya fashe. Ko muna tsakiyar waƙa, ladan na ɗaga murya zai ɗaga hannu, kowa ya sauke ƙaho. Shekarar da ruwa ya shiga unguwarsu, ƙahonnin ya fara ɗorawa a ka ya fitar kafin katifa, kuma matarsa, Inna Hajara, ba ta daina yi masa gorin wannan ba har ya bar duniya.

Daga baya makarantu suka koma ɗauko hayar lasifika ranar fareti. Abokan busata suka watse, wasu Kano, wasu kudu, wasu kasuwar kifi ta riƙe su. Shi kuma haƙoransa na gaba suka zube, kuma mai busa ƙaho idan ya rasa waɗannan, busa ta ƙare masa. Duk Alhamis da la'asar nakan je in yi masa tafiya a ƙofar gida ina busawa, yana kan tabarma idonsa a ƙafata. Idan na gama, tambayarsa ɗaya ce: "Ka samu yara?" Na nema. Sukan zo sau ɗaya ko biyu, da sun ji za a fara da tafiya sai su yi dariya, ba sa dawowa. In na gaya masa sai ya ce, "Ka ƙara nema, ɗana. Ba a jera layi da mutum ɗaya."

An yi jana'izarsa bayan azahar, jama'a sun taru, amma cikin ɗaliban da ya koya wa busa ni kaɗai na samu zuwa. Hanyar maƙabarta duk zaizayar damina ce. Da makara ta zo kafaɗata na ji ƙafata tana sauka a diddige tana mirginawa, ban sa ta ba. A ɓangarena dai makarar ba ta girgiza ba.

Bayan sadakar uku Inna Hajara ta sa aka fito mini da ƙahonnin a cikin buhu. "Ya ce kai za a ba," ta ce. "Ya ce ka san abin da za ka yi da su." Na karɓa, na kasa gaya mata cewa tun kaka haƙorina na gaba yake motsi. A raina kawai na ce, kaɗaici ya ishe ni, Inna, kuma ina jin tsoro.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Haruna, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka tabbatar da ƙafarsa a kan siraɗi. Ka ba Inna Hajara da Binta da 'yan'uwanta haƙurin wannan rashi, Ka zama gatansu. Ni kuma, ya Rabbi, Ka turo mini ko da yaro ɗaya mai haƙurin koyon tafiya, tun haƙorin nan yana bakina. Amin.