Mutum-mutumin Gwanjo na Kawu Mai-fanka

Ka taɓa ganin mutumin da ya fi shekara talatin yana gyaran inji ya zauna gaban takarda guda, gumi na keto masa, saboda an ce ya ƙera injin da babu shi a duniya? Ni na gani. Kawuna ne, yayan mahaifiyata.

Mai-fanka ake ce masa a layinsu, ko da yake ba fanka kaɗai yake gyarawa ba. Shagonsa siriri ne, mutum biyu ba sa gifta juna a ciki sai ɗaya ya karkace. Na taɓa ƙirga abin da ke rataye a sama: fanka goma sha bakwai, babu mai cikakken fiffike. A kan kanta ga dutsen guga, ga injin markaɗe, ga rediyoyin da masu su suka manta da su, ga gwangwanayen madara ashirin da huɗu, kowanne da girman notin da ke cikinsa. Da gyaran rediyo ya fara tun yana yaro, a wurin wani maigida mai saurin hannu. Da kasuwar rediyo ta ja baya sai ya koma kan fanka, don a cewarsa labari yana ƙarewa, zafi ba ya ƙarewa.

Aƙidarsa ɗaya ce, ba ya sayen sabon abu. Firjin gidansa a mace ya saye shi, ya tashe shi. Haka kekensa, haka agogon bango. "Mai sayen sabo kwali yake saye," in ji shi. "Ka nemi mai aibi, a rage maka, ka kai gida ka gyara."

'Ya'yansa huɗu, uku sun kama gabansu. Saura Auta, wadda ta gama karatu. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gidan, kuma hirarsu ba ta wuce gaisuwa da "kin ci abinci?" Ba faɗa suke yi ba. Shi dai bakinsa nauyi gare shi, da sukundireba ya iya magana. In ya ga ranta a ɓace sai ta tashi da safe ta tarar an gyara mata cajar waya.

Kowace Asabar da yamma Auta takan tafi ɗakin bayan wani shagon magani. A can ita da abokanta suke kewaye tebur suna wani wasa na labari. Mai shagon shi ke jan labarin, shi ke yanke hukunci in an yi gardama, shi ya sa suke kiransa Alƙali. Kowane ɗan wasa yana da mutumin da yake wakilta a cikin labarin, rubuce a takarda. In ka ce mutuminka zai tsallake rami, sai ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin, abin da ya fito shi zai nuna ko ka tsallake ko ka faɗa. A sabon labarin da za su fara, kowa mutum-mutumin ƙarfe zai zama, kuma kowa shi zai tsara nasa.

Ana haka Auta ta samu aiki a wani gari mai nisa. Ta ce da abokanta ba za ta bar wasan ba, za a riƙa jingina waya a kan tebur tana yi daga can. Kujera ɗaya kuma ta rage babu kowa. Sharaɗin Alƙali shi ne duk mai so ya zo ranar farawa da mutum-mutumin da ya cika ƙa'ida, don ba a shiga labari a tsakiya.

Ina shagona na fotokwafi da rana tsaka sai ga Kawu, da littafin dokokin wasan a hammata. Ya aro wurin Auta, wai zai duba wa wani.

"Akanta," haka yake kirana, "kai da ba ka barin ko ƙwayar allura ba ka ƙirga ba, zo ka duba min wannan."

"Kawu, kai za ka yi wasan?"

Ya dubi injin fotokwafina kamar shi ya yi tambayar. "Yayyenta in sun bugo waya, ina kwana, ina gajiya, sai an jima. Ita ma haka za ta koma. Amma wannan tebur, yamma guda take ba shi."

Ban ƙara tambaya ba, na jawo biro. Littafin shafi ɗari biyu da goma sha biyu ne, talatin da ɗaya a ciki na ƙera mutum-mutumi ne. Na ce masa kafin ya sha ruwa mun gama. Ashe na yi wa kaina alkawarin da ba zan cika ba.

Dokar farko: kowa yana da maki ɗari, da su zai sayi sassan jiki.

"Wa ake biya?"

"Ba kowa, Kawu. Maki ne kawai, ana ragewa a takarda."

"To in ba wanda ake biya, wa ya sa farashin?"

Na ce masu littafin. Ya ce su a ina suka saro. Na karanta masa jadawalin don mu wuce wurin: matsakaicin jiki ashirin da biyar, ƙafa biyu ashirin, hannu takwas-takwas, ido biyar-biyar, babban batir ashirin.

"Ido ya fi hannu araha? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa sayen gilashi ba. Nawa ne fankar ciki?"

Na duba gaba, na duba baya. Babu fanka.

"Batir mai wannan girma babu abin sanyaya shi? Noti fa? Waya fa? Ta ina ake buɗe bayansa?"

Babu ko ɗaya. Akwai farashin iya waƙa, akwai na kwarjini, har da na iya ƙarya, amma babu na noti. Kawu ya cire hula ya sosa kai. Ni ma a nan kaina ya fara ɗaurewa, don jadawalin ya ce hannu takwas ne, amma wani misali a ƙarshen littafin ya lissafa hannu na uku a sha shida, ba tare da ya ce don me ba. Kawu kuwa ya kafe sai hannu uku.

"Tun ina yaro nake neman sa. Ɗaya ya riƙe dalma, ɗaya ya riƙe ƙarfen liƙi, to wa zai riƙe wayar? Da haƙori nake riƙewa."

Muka haɗa abin da yake so, har da kunnuwa da murya na maki goma sha ɗaya, da gwanintar gyara ta maki ashirin da biyu, da akwatin kayan aiki na takwas. Jimla ɗari da arba'in. Na sake tarawa daga ƙasa zuwa sama, ɗari da arba'in. Na ce sai an rage arba'in. Ya ce a tambaye su ragi. Na ce littafi ba ya ragi.

Shi da kansa ya buɗo shafin, yana lasar yatsa yana juyawa. Kan shafin an rubuta aibobi. Duk aibin da ka yarda ka ɗora wa mutum-mutuminka, za a mayar maka da maki, iyaka arba'in. Na karanta masa sau biyu. Tunda ya shigo sai a lokacin ya gyara zama.

"Yanzu suka yi magana. Ashe suna da ɓangaren gwanjo."

Ya zaɓa kamar mai tsintar kaya a kasuwa. Ɗingishi, sha biyu. Ɗaukar zafi, goma. Tsoron ruwa, takwas. Kunne ɗaya a toshe, biyar. Murya mai yankewa, biyar. Arba'in cif. Na ce, "Kawu, wannan ai ko ƙofar gida ba zai kai ba." Ya yi murmushi ya ce in dai lissafi ya fita, sauran nasa ne. Lissafi kuwa ya fita, muddin hannu na uku takwas ne. Na buga masa takardar fes, kwafi biyu.

Ranar Asabar na raka shi. Ɗakin cike yake da kwalayen magani har rufi, tebur a tsakiya, kujerun roba guda shida. Auta na ganin mahaifinta ta miƙe.

"Baba, lafiya? Wani abu ya faru a gida?"

"Lafiya lau. An ce akwai kujera."

Ta dube ni. "Yaya Akanta, kai ka kitsa wannan ko?"

"Ni tarawa kawai na yi."

Alƙali ya gaishe da Kawu har da rusunawa, sannan ya sa tabarau ya bi takardar layi-layi. A wurin takarda ba ya da suruki. Ya tsaya a kan hannu.

"Baba, na ukun sha shida ne. An ninka shi."

Na nuna masa jadawalin. Ya nuna min misalin. Na ce jadawali ne doka, misali ado ne. Ya ce akwai wata takardar gyara da masu littafin suka fitar daga baya. Na ce ina take. Ya ce ya taɓa ganinta. Muka yi ta juya shafuka har sauran 'yan wasan suka fara gina hasumiya da 'ya'yan lido. Ƙarshe ya ce shi ne Alƙali, sha shida ne, an haura da takwas. Ko a cire hannun, ko a cire akwatin.

"Mai gyara ba akwati?" in ji Kawu. "Wanzami ba aska ke nan."

"To a cire hannun."

Kawu ya dubi hannayensa biyu. Auta ta jawo takardarta, ta goge garkuwar da ta saya wa nata, ta rubuta akwatin kayan aiki a wurin.

"Mutum-mutumina zai ɗauka, na Baba ya riƙa ara. Ya halatta?"

Alƙali ya duba ya ce ya halatta, amma sai in suna tsaye kusa da juna a cikin labarin. Wani dogon saurayi a gefenta ya ce, "Shi ke nan, mun rasa garkuwa mun samu gurgu." Ta harare shi ya kama bakinsa.

Aka fara. Alƙali ya rage murya ya ce sun farka a cikin wata tsohuwar masana'anta, ruwa na malalowa ta ƙarƙashin ƙofa, me kowa zai yi. Wannan ya ce zai hau bene, wancan ya ce zai fasa taga. Aka zo kan Kawu. Ya naɗe hannun riga.

"Auta, miƙo akwatin. Zan fara da ƙafar. In na gama in buɗe kunnen, sai in huda baya in sa fanka. Ku ba ni ɗan lokaci."



"Baba," in ji Alƙali, "ba a gyara aibi."

"Kamar yaya? Ga gwaninta na saya, ashirin da biyu."

"Wannan ta gyara abin da ya lalace a cikin labari ce. Aibin da aka ba ka maki a kansa, da shi za ka zauna."

"To don me na saye shi?"

"Ba saye ka yi ba, biyan ka aka yi ka ɗauka."

"An biya ni in ɗauki abin da ya lalace, kuma an hana ni taɓa shi." Ya juyo gare ni. "Akanta, haka aka rubuta?"

Haka aka rubuta, da ƙananan baƙaƙe a gindin shafin. Na karanta a fili. Kawu ya nemi in maimaita, na maimaita, fuskarsa ba ta sauya ba. A duk rayuwarsa bai taɓa jin injin da doka ta hana a gyara ba. Alƙali ya ce zaɓi biyu ne: ya ci gaba da gurgunsa yadda yake, ko ya haƙura, don babu lokacin sake sabo. Kawu ya fara ninke takardar gida huɗu, yadda yake ninke rasit.

Auta ta fizge littafin daga hannuna. Ta fi ni sanin lungunansa.

"Tsaya, Baba. Ga shi nan. Duk zaman da aka yi ana ba kowa maki biyu. In ka tara, kana iya mayar musu da abin da suka ba ka, a cire aibin."

Bakina ya riga ni: "Arba'in a biyu-biyu, zama ashirin."

"Zama ashirin kafin in gama gyaran?"

"In ba a yi fashi ba."

"Kuma kowane zama sai na zo da kaina?"

"Dole," in ji Alƙali.

"Akwatin kuma yana wurinta."

"Yana wurina," in ji Auta.

Kawu ya warware takardar, ya shafe ta da tafin hannu a kan tebur. "Aikin banza ne wannan doka. To ruwan nan da ka ce yana shigowa, ya kai ina? Mutum-mutumina tsoronsa yake ji."

A ranar mutum-mutumin Auta ne ya goya nasa zuwa bene, bayan ɗan lido ya ba shi uku kacal cikin ashirin.

Yanzu ta tafi. Ranar Asabar ana jingina wayar da kwalin magani, kusa da kujerar Kawu, don doka ta ce sai suna kusa. Ni nake riƙe musu lissafin maki. Nasa sun kai goma sha huɗu, sun isa gyaran ƙafa har da canji, amma bai taɓa ko ɗaya ba. Na tambaye shi dalili, ya ce ba a buɗe inji sau biyu, sai kaya sun cika. Makon jiya kuma na ji yana tambayar Alƙali ko mutum-mutumi na iya kamuwa da sabon aibi a tsakiyar labari, kuma nawa ake bayarwa. Har yau ban gane ba, ko dokar ce bai fahimta ba, ko ni ne ban fahimci Kawu ba. Maganar hannu na uku ma ba ta mutu ba, ina nan ina neman takardar gyaran nan.

Don Allah ka gwada da kanka. Ka samu wani babba a gidanku, ka ba shi takarda da maki ɗari, ka karanta masa farashin sassa da na aibobi, ka ja bakinka ka yi shiru. Ka tara masa lissafin sau biyu, sannan ka tambaye shi abin da zai fara yi in labari ya buɗe.