Mutumin da Ya Binne Tukwane a Lambun Karaye

Kafin masu shayi su gama hura wuta, Malam Gwadabe ya riga ya shiga lambun hutawa na bayan tasha, da jarkoki biyu ɗaure a tsohon kekensa. Shi ne mai kula da itatuwan wurin, shekara ashirin da shida ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma. Ni kuwa ta nan nake wucewa kullum zuwa makarantar da nake koyarwa, ga shi Allah Ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne ban taɓa ganin ya zuba ruwa a gindin bishiya ba. Sai ya matsa gefe kaɗan, ya durƙusa, ya ɗaga wani ɗan dutse mai faɗi, ya tuttula ruwa a rami, ya mayar ya rufe. Amma a tsakiyar bazara, lokacin da ko'ina ya ƙone, mangwaron lambun nan da darbejiyarsa sheƙi suke yi.

Baba Saude, mai sayar da tukwane daga Kwanyawa, ta ƙara mini ruɗani. Ta ce duk ranar kasuwa sai ya zo ya zaɓi tukwanen da mata suka ƙi saboda suna tsatstsafo, su yake so. Ta daɗe tana ɗauka rowa ce, har tana tausaya wa matarsa.

Maganar famfo ce ta tona asirin. Ƙungiyar ci gaban gari, wadda Malama Munawwara ke jagoranta, ta yi karo-karo don a haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, a gina famfo mai feshi a tsakiyar lambun, irin wanda ke watsa ruwa sama yara su sha kallo. Fili na hukuma ne, dole sai ta amince. Kuma batun ya wuce ado. Gwiwar Malam Gwadabe ta gaji, har yanzu ba a samu magajinsa ba. In ruwa bai zo lambun da kansa ba, bazara ɗaya ta isa ta kashe abin da ya raina.

Ranar da kwamitin ƙaramar hukuma ya zo duba wurin, na bar karin kumallona na je. Wani dattijon kansila ya faɗi abin da ke ransa, cewa bai ga yadda za a riƙa jefa ruwa sama don ƙawa ba alhali mata na bin layi da bokitai. Malama Munawwara ta waiwayi Malam Gwadabe, tana jiran ya kare su.

"Ranka ya daɗe, gaskiyarka," in ji shi. "Ruwan da aka watsa aka bar wa rana ta shanye, almubazzaranci ne."

Na ga fuskar Malama ta sauya. Sai Malam Gwadabe ya roƙi kansilan ya biyo shi, ya ɗaga dutse, ya ce ya sa hannu. Dattijo ya naɗe hannun riga ya zura har gwiwar hannu, ya ɗago yana mamaki. Tukunya ce binne har wuya. A cikinta ake zuba ruwa, ya riƙa tsatstsafowa a hankali, saiwoyi su zo su rungume ta su sha kwana da kwanaki. Irinta arba'in da uku ne a ƙarƙashin lambun, kuma shida suna daidai inda matasanmu suka kafa turaku za su haƙa harsashin famfon. An ɗauko injiniya tun daga Kano, ba wanda ya tuna da mai ban ruwa.

Shawarar Malam Gwadabe ita ce a matsar da famfon kusa da ƙofa, inda ƙasa ta fi tudu, duk ruwan da ya tashi ya faɗo a ja shi da bututu zuwa tukwanen, a kuma fitar da kan famfo ɗaya wajen shinge don masu ɗiba. Kwamiti ya ce a kawo sabon zane, zai sake zama a kai. Ba mu san abin da zai yanke ba.

Da aka watse na tambayi Malam Gwadabe me ya hana shi faɗa tun da can. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai ba wanda ya tambaya. Kai ma shekara tara kana leƙe ta saman shinge." Kunya ta kama ni, don ni ne nake gaya wa ɗalibai matambayi ba ya ɓata.

Malam Gwadabe, kai ne ka ɗauko tukwanen da kowa ya raina ka yi wa gari inuwa da su. Kai ne direbobi ke kishingiɗa a ƙarƙashin guminka ba su ko san sunanka ba. Uban mangwaro, mun gode. Allah Ya ba ka lafiyar gwiwa, Ya shayar da kai daga Alkausara.

Sai dai godiyar baki ba ta cika tukunya. Ko kwamiti ya amince gobe, sai an yi watanni kafin ruwa ya fito, itatuwa kuwa ba su san jiran takarda ba. Shi ya sa Malama Munawwara ta ce kowa ya ɗauki tukunya ɗaya, jarka guda duk bayan kwana uku, Malam zai nuna maka taka. Ni na ɗauki ta gefen tsamiya, kansilan nan ya ɗauki wadda ya sa wa hannu. Zuwa safiyar yau, saura goma sha ɗaya ba su da mai su.