Shayin 'Yan Dubiya

Kwana biyu Baba ya yi a sashen gaggawa na wani asibiti a Khartum, bayan ciwon sukari ya kayar da shi a bakin shagonsa na kasuwar Suk al-Arabi. Rana ta uku wani likita ya miƙo mini 'yar takarda, ko ɗaga kai bai yi ba. "Ya warware, ku tafi. A kula da mikin." Wa zai kula, da me, yaushe za mu dawo? Kafin in buɗe baki har ya wuce gado na gaba. Mikin kuwa a babban yatsan ƙafa yake, bai fi ƙwayar wake ba.

Muka ƙetare gada zuwa gida, unguwar Alsawra, inda aka yi masa jinya irin tamu. Ƙanen Baba ya yanka ragon godiya. Dangi suka yi ta ɓarkowa har daga Jabal Awliya, kowa da ƙullin sukari ko dabino, don ba a zuwa dubiya hannu rabbana. A gidanmu kuma baƙo ba ya shan shayi maigida na kallo. A kofi na tara na daina ƙirgawa, ko la'asar ba a yi ba.

Na ce, "Baba, bari a kawo maka marar sukari."

"Ya waladi, ɗana, in sha ɗaci gaban baƙona? Sai a ce rowa ta kama ni."

Ƙanen nasa, wanda ko akuya bai taɓa yi wa jinya ba, ya karɓe: "Ma'alesh, yi haƙuri, ɗan boko. Likita da kansa ya sallame shi, kai ka fi shi sani?" Ya barbaɗa wa mikin garin bagaruwa, ya naɗe da tsumma, aka yi ta sa masa albarka. Ni kuma gwanin surutu na ja bakina, kada a ce ba ni da kunya. Har yau haushin kaina ya fi nasu ci mini rai.

Wata bai cika ba Mama ta fara jin wari. Da muka koma asibitin, babu wanda ya san an taɓa kwantar da shi. Faɗa ma aka yi mana don ba mu zo da wuri ba, sannan aka yanke daga ƙasan gwiwa. Aka ba ni ƙafar cikin farin ƙyalle, na kai maƙabarta ni kaɗai na binne.

Na dawo na tarar da Baba ya juya wa bango fuska.

"Ka yi rami mai zurfi?"

"Na yi, Baba."

"To, ka riƙe wurin da kyau. In lokacina ya yi, a sa ni kusa da ita."