Yankan Kek Daidai da Nata

"Baba, hutu fa muka zo. Shi sukarin ba ya hutu ne?"

"Na tambaye shi, ya ce ba a ba shi izini ba. Kawo yatsan, Hajiyata."

A ɗakin cin abincin masauki nake jin wannan uba da 'yarsa, teburinsu yana kusa da nawa. Dogo ne, furfura ta fara masa a gemu, yana rataye da wata ƙaramar jaka da ba ya sauke ta ko a zaune. Daga ciki yake fito da na'urar gwajin ciwon sukari. Yarinyar tana miƙa yatsa, amma idonta yana kan kek ɗin da ke tsakiyar tebur.

Yana duba sakamakon. "Alhamdu lillahi," yake cewa ƙasa-ƙasa, kamar wanda aka sauke wa kaya. Sai ya ɗauki wuƙa ya yanka mata ɗan siriri. Yayyenta biyu ma daidai nata yake ba su, shi ma haka. Babu mai ƙorafi, da alama a gida ma haka suke ci. Wanda ya shigo yanzu ba zai iya nuna mai ciwon ba.

"Ci a hankali, ya daɗe a baki."

Tana lashe yatsunta har da wanda aka soka. Shi kuwa ya gyara jakarsa ya nufi kicin, neman ƙanƙarar da zai sa wa allurarta kafin su fita yawo.