Anko Arba'in a Keken Umma

Sau bakwai Malam Yohanna ya ja igiyar janaretansa kafin ya tashi, na ƙirga. Injin ya yi tari kamar zai mutu, sannan ya kama da wannan ƙarar tasa mai shiga haƙori, hayaƙin fetur ya gauraye da ƙamshin sabuwar atamfa da ya kwana tara bai bar tsakar gidanmu ba. Ranar Asabar ce bayan la'asar, ana tsakiyar bazara, shekarar da nake aji huɗu a firamare. An ɗauke wuta tun safe. An fito da talabijin an ɗora kan turmin da aka kifa a gindin bishiyar darbejiya, an shimfiɗa tabarmi biyu, ni da ƙawata Rifkatu muka goge layin 'yar gala-galarmu da ƙafa don manya su sami wurin zama. Ranar ce jam'iyya take babban taronta na ƙasa a Abuja, za a fitar da wanda zai tsaya mata takarar shugaban ƙasa.

Gidan haya ne a Gyaɗi-Gyaɗi, sashe biyu, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Mu muna ɓangaren gabas: Abba da ke aiki a ɗakin kati na asibitin koyarwa, Umma da kekenta na ɗinki, yayata Safiya, sai ni auta. Ɗaya sashen na Malam Yohanna ne, mutumin kudancin Kaduna da ke koyar da Turanci a wata sakandare a Tarauni, da matarsa Maman Rifkatu mai kai zoɓo da kunun aya ƙofar asibiti. Ba gidan siyasa ba ne gidanmu. Abba ko fosta aka manna masa a bango sai ya jiƙa tsumma ya ɓamɓare. Yaya Safiya ce ta sa muka zauna gaban talabijin ranar. Shekara biyu ke nan da ta gama makarantar koyon aikin jinya, takardunta na cikin jakar leda a ƙarƙashin katifa, farar rigarta a goge a rataye a bayan ƙofa. Kullum da safe takan tsaya a soro tana kallon 'yan ajinsu suna wucewa aiki, sannan ta dawo ta ɗauki tsintsiya.

Ana haka wata Hajiya Laure, shugabar matan jam'iyya a mazaɓarmu, ta shigo da yara biyu ɗauke da turamen atamfa. Kowane turmi an buga masa hoton mutum ɗaya a cikin zagaye, da hula da tabarau da murmushi, ya maimaitu daga wannan baki zuwa wancan. Shi ne ɗan takarar da take bi. Tana son anko arba'in, riga da zani da ɗankwali, na matan da za ta kai Abuja, kuma cikin kwana tara. Da Umma ta fara maganar ladan ɗinki, sai Hajiya ta kalli Yaya da ke wanke-wanke ta tambaya ko wannan ce nas ɗin da aka ce tana zaune. Ta ce idan mutuminsu ya samu tikiti, gurbin aiki a asibitin nan da ke bayan gidanmu magana ɗaya ce ta waya. Umma ba ta ƙara ambaton lada ba. Bayan Hajiya ta fita ta ce wa Abba, "Ladana takardar aikin Safiya ce." Abba ya daɗe yana kallon turamen, sannan ya ce Allah ya sa a dace, ya shiga ɗaki.

Sharaɗi ɗaya Hajiya ta kafa, kuma shi ya fi ba Umma wahala: kada almakashi ya taɓa fuskar mutumin. Dole ta zauna cikakkiya a ƙirji, ta zauna cikakkiya a baya, ko matar siririya ce ko mai jiki. Sai Umma ta shimfiɗa atamfa a ƙasa, ta durƙusa da alli tana juya awo, tana kewaye fuskar kamar mai kewaye kududdufi da sabon takalmi. Yaya ce mai kalmasa da guga, ni kuma mai zura zare a allura, don idon Umma ya fara gajiya da ƙananan abubuwa. Idan na dawo daga makaranta na kai niƙa, na cika randa, sai in zauna a gefen keke ina kallon ƙafafunta suna hawa suna sauka, har suka kumbura takalminta ya daina shiga. Duk da kaffa-kaffa, gefen turmi ba ya rasa rabin fuska. Waɗannan ƙyallayen ni da Rifkatu muke kwashewa mu ɗinka wa 'yan tsanarmu kaya. Tawa tana da zani mai kunne ɗaya, ta Rifkatu tana da ɗankwali mai rabin murmushi. Idan lokacin sallah ya yi, Umma sai ta sa in kife duk rigunan da ke ɗaki, hoton ya kalli ƙasa, kafin ta shimfiɗa darduma. Ranar Juma'a da safe motar matan ta tashi. Umma ta kwanta, ba ta farka ba sai da aka sauko daga masallaci.

To, ga mu ranar Asabar. Jawaban duk da Turanci ake yi, don haka Malam Yohanna ya zama tafinta. Yana da wata ɗabi'a da ya taho da ita daga aji: kowa ya gama magana sai ya ba shi maki cikin goma. Wani ya hau ya ce zai haskaka kowane lungu na ƙasar nan, Malam ya fassara yana ɗaga murya don ta rinjayi ta janareta, ya ba shi huɗu, ya ce ya haddace amma bai fahimta ba. Wani ya yi ta buga teburi har hularsa ta karkace, ya samu shida saboda ƙoƙari. Maman Rifkatu tana ɓare gyaɗa ta ce ita ba ta bukatar fassara, daga muryar mutum take gane wanda ya ci ya ƙoshi, kuma duk cikinsu ba ta ji mai yunwa ba. Maƙwabta biyu uku suka shigo suka tsaya a bakin soro, ɗaya yana cewa wannan ne mai gaskiya, ɗaya yana tuna masa cewa haka ya ce game da wancan shekara huɗu da suka wuce. Da wani ya fara lissafa asibitocin da zai gina, Abba ya gyara zama ya ce, ba da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin yanayi, cewa jiya da idonsa ya ga an aiki wani dattijo ya sayo safar hannu kafin a taɓa matarsa. Ni kuwa ina kwance a kan cinyar Yaya, ina kallon yadda bakunan mutanen ke buɗewa da rufewa kamar na kifi a cikin baho, ina mamakin yadda magana mai yawa haka take fita daga ɗan ƙaramin akwati ba ta cika tsakar gidan ba.

Umma ba ta sauraron kowa. Ta matso dab da talabijin, ta ƙanƙance ido, duk lokacin da aka hasko taron jama'a sai ta bi su layi-layi tana neman ɗinkinta. Can aka hasko wani rukunin mata suna fifita da kwali, ta miƙa yatsa har ya taɓa gilashin. Ta gane wuyan rigar, don ita kaɗai take yi masa wannan 'yar lanƙwasa. Maman Rifkatu ta rangaɗa guɗa, ta ce yau ɗinkin Gyaɗi-Gyaɗi ya shiga Abuja, muka yi ta dariya har da Abba. Na ɗaga kai na kalli Yaya. Ita kaɗai ba ta yi ba, tana dai shafa kitsona a hankali.

Rana ta yi ja lokacin da aka kira mutuminmu. Na san fuskarsa fiye da ta kawunnaina, amma ban taɓa jin muryarsa ba, sai na ji ta siririya, ba ta kai girman hoton ba. Ya gode wa Allah, Malam Yohanna ya fassara. Ya gode wa dattawan jam'iyya, ya fassara. Ya gode wa mata da suka taso daga nesa, Umma ta gyaɗa kai kamar da ita yake. Sai ya cire tabarau ya ci gaba da magana, filin ya kaure da ihu, wasu suka miƙe suna rungumar juna, Malam Yohanna kuwa ya daina fassara. Umma ta jira. Ta juyo ta ce, "Malam, me ya ce?" Ya duƙa yana gyara wayar janareta da ba abin da ya same ta. Yaya ce ta amsa, muryarta a daidai, kamar tana karanta awon zafin jiki. "Umma, ya janye. Ya ce magoya bayansa su zaɓi wani ɗan takarar."

Jawabin bai kai tsawon tafasar ruwan shayi ba. Aka sake hasko matan nan, suna ta guɗa, ban sani ba ko sun ji abin da aka ce ko ba su ji ba. Kafin a kawar da hoton na ga ɗaya ta zaro mayafi daga jaka ta yafa a ƙirji, ta rufe fuskar da Umma ta kwana tara tana kewayewa. Maƙwabtan da ke soro suka fita suna gardama, ɗaya yana cewa dattaku ne, ɗaya yana cewa ciniki ne. Maman Rifkatu ta ture farantin gyaɗa, ta tambayi mijinta wannan kuma nawa zai ba shi. Ya ce wannan ba ɗan ajinsa ba ne. Umma ta daɗe idonta a kan gilashin, sannan ta ce, a hankali, hannun rigar waccan matar ya ɗan yi tsawo, da ta sani da ta rage. Abba ya miƙe ya ɗauki buta. Aka kira magariba, Malam ya kashe injin.

Hajiya Laure ta dawo ranar Talata da wani sabon hoto a maƙale a mayafinta. Ba ta zauna ba. Ta ce siyasa ce, a yi haƙuri, yanzu lissafi ya canza amma a ci gaba da addu'a. Umma ta raka ta har ƙofa ta ce a gaida gida. Ragowar turmi biyu da suka saura ta yi wa katifunmu riga da su, ta juya hoton ciki. Yaya ta ƙara shekara uku a gida, tana yi wa maƙwabta allura da wankin ciwo a ba ta godiya, kafin ta samu wani kemis a Unguwa Uku ta tsaya bayan kanta tana sayar da magani. Farar rigar da ke bayan ƙofa sai da ta yi ruwan ƙasa a kafaɗa, wata rana na duba ban gan ta ba, ban kuma tambaya ba.

Yanzu ba a fito da talabijin gindin bishiya. Idan ana irin wannan taro, kowa yana riƙe da nasa a tafin hannu, a cikin adaidaita, a kan layin karɓar magani, ana yanko jawabi guntu-guntu ana turawa da hoton dariya. An sare darbejiyar an yi shaguna. Malam Yohanna ya yi ritaya ya koma garinsu, Rifkatu tana aure a Jos, muna gaisawa lokacin Sallah da Kirsimeti. Nakan saurari jawaban har yau, ina jin Turancin da kaina, ba na bukatar tafinta, amma ba na samun wanda zan juya in kalla idan an gama. Kalmomin ba su canza ba, masu faɗinsu ne kawai suke tsufa a musanya su. Abin da nake kewa shi ne tabarmin nan biyu, da mutanen da suka gaji tare.

Umma ta rasu bara. Bayan addu'ar bakwai, ni da Yaya muna naɗe tabarmin zaman makoki, sai ta ce akwai abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. A kwana na huɗu da fara ɗinkin nan, an kawo mata takardar ɗaukar aiki daga wani ƙaramin asibitin ƙauye a kan hanyar Wudil, inda ta nema ba da sanin kowa ba. An ce ta bayyana ranar Juma'a ko a bai wa wani. Ta shigo da takardar a hannu za ta nuna, ta tarar da Umma a kan keke da kumburarrun ƙafafu, tana gaya wa Maman Rifkatu cewa Safiya da ƙafa za ta riƙa zuwa aiki, ta dawo ta ci tuwo a gida. Sai ta ninke takardar, ta ɗauki dutsen guga.

Na tambaye ta ko ta taɓa yarda da alkawarin Hajiya. Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Ko kwana ɗaya. Umma ce ta yarda."

Ashe tun ranar Juma'a Yaya ta janye, ba wanda ya tafa mata.