Gawar Fir'auna da Idon Yaya Isiyaku

Zariya zuwa Kano

Mun bar unguwarmu Kusfa bayan sallar Asuba, gari bai gama wayewa ba, ni da yayana Malam Isiyaku. Idonsa na dama ya daɗe da mutuwa, na hagu yana gani dishi-dishi, shi za a yi wa aiki a Alƙahira. Ɗalibansa na zaure suka rako mu har Ƙofar Doka. Da direba ya ji inda za mu, ya ce, "Malam, a gaishe mana da Fir'auna."

Yaya ya yi dariya. "Ba a gaishe shi, ɗana. Kallonsa ake yi a ji tsoron Allah."

A Kwanar Dangora 'yan sanda suka leƙo, suka ga dattijo da carbi, suka ce mu wuce. Jirgi ya tashi bayan Azahar.

Alƙahira

Alhaji Bala, Bazazzagen da ya daɗe yana fatauci a can, shi ya sauke mu, ya kawo dafaffen wake da gurasa. Ya ce gawar babban Fir'auna tana gidan tarihi, sarkin da ya tsufa a kan mulki, ya ci yaƙe-yaƙe, ya sa aka sassaƙa surarsa a jikin duwatsu.

Yaya ya ce, "Tanko, gobe mu fara da can. Shekara da shekaru ina karantar da ƙissarsa ban taɓa ganinsa ba."

Na ce, "A'a, Yaya. Asibiti tukuna, sai hutu, sannan ziyara. Da sabon ido za ka gan shi tas."

"In ɗan hasken nan ya tafi fa?"

"Ba zai tafi ba, in Allah ya yarda."

Ni ke riƙe da fasfo, ni ke jan hannunsa, bai da yadda zai yi.

Asibiti

An yi aiki, likita ya yi iya ƙoƙarinsa. Ranar da aka kwance bandeji, Yaya ya tambaya ko an kunna fitila. A kunne take.

Gidan tarihi

Duk da haka ya ce mu je. Muka tsaya gaban akwatin gilashi. Ya ce, "Faɗa mini, daga kai zuwa ƙafa."

Na faɗa. Ɗan gashi jaja-jaja kamar an sa masa lalle. Dogon hanci mai lanƙwasa. Wuya siriri. Hannaye a kan ƙirji, sauran jiki a naɗe cikin tsohon ƙyalle.

"Ƙato ne?"

"Bai kai ka jiki ba, Yaya."

Alhaji Bala ya ce masana ba su haɗu a kan cewa shi ne na cikin ƙissa ba. Yaya ya ce, "Ko ba shi ba ne, ai shi ma an yi masa faɗuwa a ƙasa." Ya miƙa hannu zai lalubi gilashin, mai gadi ya ce ba a taɓawa. Ya janye.

Komawa gida

Mun shigo Kusfa da La'asar, zaure cike. Bayan barka da zuwa da jaje, wani dattijon ɗalibi ya ce, "Malam, ka gan shi kuwa?"

Yaya ya gusa a kan buzunsa. "Tanko ya gan shi. Zauna nan ka gaya musu."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu, na gode wa Alhaji Bala da duk wanda ya bi mu da addu'a. Na zauna na fara bayani, Yaya ya karkato da kunnensa yana saurare tare da ɗalibansa.