Albasar Kwaɗin da Jibrin Ya Dasa

Da an yi ruwan farko, ƙasa ta saki ƙamshin nan nata, hankalin kowa a gefen Wara yana kan iri da sungumi. Ban da Dudu mai daddawa. Ita sai ta kife tukwanenta, ta ɗaura tsohon zane, ta dama fura ta cika gora, ta ɗauki sanda ta nufi duwatsun Ngaski. Wai fure take nema. Mace da furfurarta! Masu dariya suna yi, masu cewa iska ce ta shafe ta suna faɗi, ita kuwa ko a jikinta.

Ni Delu, taubashiyarta ce. Ubana da innarta ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara baiwata nake kiranta, ba ta da bakin musu. Bandar kifi nake yi a Yelwa, hayaƙi ya dafa ni ya bar ni da baƙin baki, kuma ni ma na yi mata tsiya a kan furen nan har na gaji. Amma ni na san abin da take nema, kuma ba abin dariya ba ne.

A wata tunga aka haife mu, bakin kogin Kwara, wadda yau kifi ke yawo a tsakar gidajenta. Can Dudu ta auri Jibrin, manomi mai 'yan shanu, mutum marar yawan magana. Sun daɗe Allah bai ba su haihuwa ba, sai daf da shekarar tashi, lokacin da aka datse kogi a Kainji aka ce kowa ya kwashe nasa ya koma tudu. Aka sa wa yarinyar Barakatu. Ko zama ba ta fara ba aka tashe mu.

Mu an kwashe mu a mota. Jibrin ya ce ba ya barin shanunsa a hannun kowa, sai ya bi da su ta hanyar daji, Dudu a kan takarkari da goyo. A cikin ƙunshin kayanta akwai kan albasar kwaɗi da ta tono a gindin randarta. Tsiro ne na bakin ruwa, kansa kamar na albasa, ba a cinsa. Duk rani ba ka ganin ko alamarsa, sai ruwan farko ya sauka ya turo kara, ya buɗe farin fure mai jan zane a tsakiya. 'Yan kwanaki ne ya yanƙwane, ciyawa ta taso ta rufe ganyen. Dudu na sonsa tun tana budurwa, ta ce ba za ta bar wa ruwa shi ba.

A hanya zazzaɓi ya kama uwa da 'ya. Uwar ta tashi, 'yar ba ta tashi ba. Wani makiyayi mai wucewa ya tsaya, shi da Jibrin suka yi mata sutura da salla. Mace ba ta bin gawa zuwa kushewa, ko da lafiyarta, balle Dudu da ba ta san gabas da yamma ba a lokacin. Tana kwance a gindin wata bishiya ta ga mijinta ya rungumi 'yar tabarma ya kama hawan dutse, makiyayin na biye da shi. Sun daɗe ƙwarai kafin su sauko.

Da ta ɗan farfaɗo ya ce mata, "Ruwa sun ci gidana, ba su cin ɗiyata. Na kai ta bisa, inda ba su kaiwa. Albasarki ko na ɗauka na dasa wajjen kanta, guda ɗaya tal. In bazara ta yi, in kai ki ki gani."

Bazarar ba ta same shi ba. Tafkin da ya taru ba kogin da muka sani ba ne, yana da igiyar ruwa irin wadda ba mu taɓa gani ba. Jibrin ya shiga kwalekwale zuwa cin wata kasuwa, iska ta taso, shi ke nan. Makiyayin kuma ko sunansa ba ta sani ba. Hanyar da suka bi zazzaɓi ya shafe ta daga kanta. Abin da ya rage mata a duniya shi ne maganar nan: bisa dutse, albasar kwaɗi, guda ɗaya tal.

Shekarun farko ba ta iya zuwa ko'ina ba. An sake yi mata aure, ta zauna, ciki bai zo ba, auren ya mutu ba tare da faɗa ba. Ta koma gidan wanta a sababbin gidajen siminti da gwamnati ta gina, ta kama dafa kalwa. Daddawarta ta yi suna har Shanga, don ba ta gaggawa da ita. Wajen lokacin da aka ce mun zama 'yan jihar Sakkwato ne ta fara hawan duwatsu, da sunan neman ɗorawa. Ba a daɗe ba kowa ya gane ba ɗorawa ke kai ta ba, don wani lokaci da ƙwarya wayam take dawowa.

Duk shekara 'yan kwanakin nan kawai take da su, tsakanin ruwan farko da tasowar ciyawa. Sai ta zaɓi dutse guda ta bi shi lungu-lungu. A haka ta san dajin nan fiye da ɗakinta. In na je Wara sarin kifi na sauka wurinta, sai ta zaunar da ni tana ba ni labari da wata irin murya, a hankali, kamar mai faɗin mafarki. Yadda itacen sansami ke zubar da furensa a kan falalen dutse kafin ya yi ganye. Yadda gauɗe ke buɗewa fari fat da safe, kafin ka sake bi ta wurin ya koma rawaya, ƙamshinsa ya bi ka har gida. Yadda in ka kai can ƙololuwa ka juyo, tafkin ke kwance shiru, hadari na tafiya a cikinsa, har ka ga kamar za ka hango rufin tungarmu a ƙarƙashi. Takan dawo da furen gauɗe a ƙulle a bakin kallabi, ɗakinta ya yi kwanaki yana rigima tsakanin ƙamshin fure da warin daddawa.

"Baiwata," nakan ce, "ke da zuma wa yaf fi wani wahala? Ita ko tana samun abin lasa."

Sai ta yi murmushi ta ce, "Uwargijiyata, mai nema shina tare da samu."

Raina yakan ɓaci, in faɗi gaskiya. Ina jin haushin Jibrin da ya tafi da maganar a bakinsa, ina jin haushin tafkin, ina jin haushin ita kanta da ƙafafunta duk kaushi da sartse. Yarinya tana aljanna, me za a yi da tarin ƙasa? Na taɓa faɗa mata haka gatsau. Ta ce ita ba kuka za ta je yi ba, so take kawai in ta yi wa 'yarta addu'a ta san inda za ta juya fuskarta. Daga ranar ban sake cewa komai ba.

Akwai wani wuri da take yawan ambata. Wani kwarin dutse ne can sama, ɗan fili mai ƙasa a tsakanin manyan duwatsu, inda ruwan sama ke taruwa. Ta ce albasar kwaɗi ta cika shi maƙil, ba ta ƙirguwa. Ta gano shi ne bayan ta yi shekaru tana yawo, ranar gabanta ya faɗi, amma da ta ga yawansu sai ta ce a'a, wannan na Allah ne, nata guda ɗaya ne. Duk da haka wurin ya zama masauƙinta. Kowane dutse za ta, sai ta ratsa ta nan ta sha fura, ta shimfiɗa mayafi a gefen furannin ta miƙe. Ita da barci bai cika ɗaukarta a gida ba, a can, in ji ta, har munshari take yi. Ta farka ta ji ƙirjinta ya yi nauyi kamar na mai shayarwa, ta karkaɗe mayafi ta ci gaba da nema.

Ana nan sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Da fari zare ne ba ta iya zurawa a allura, daga baya sai da murya take gane mutane. Wanta ya yi rantsuwa ba za ta sake hawan dutse ita kaɗai ba, ya kuwa yi gaskiya. Ana saura kaɗan a yanke mana Kebbi daga Sakkwato, da bazara, sai ga saƙonta a bakin wani direban motar kifi: in zo in ara mata idanuna, wannan ne hawanta na ƙarshe. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na kashe wutar banda na hau mota.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan. Muka fita da sassafe, tana riƙe da gefen zanena, amma ita ke nuna hanya. Ƙafarta ta san kowane dutse. Ni da ido biyu ni ke tuntuɓe, ina haki ina tsine wa gwiwoyina, ita kuwa sai ta tsaya ta ɗaga hanci ta ce akwai gauɗe a hagu, in duba, ga shi kuwa. Ƙasa a jiƙe, hazo na tashi daga tsakanin duwatsu, tururuwa masu fiffike na ta fitowa. Duk inda na hango fari sai in tsaya in leƙa. Ba mu ga komai ba sai wasu 'yan ƙananan furanni da ban san sunansu ba.

Rana ta take tsaka ta ce mu ratsa masauƙinta mu huta. Muka kurɗa ta wani tsagi, sai ga shi. Ni ba mai son fure ba ce, ban taɓa ganin amfanin abin da ba ya shiga tukunya ba, amma ranar na tsaya baki buɗe. Fari tas daga wannan dutse zuwa wancan, kowanne da jan zanensa, iska na kaɗa su a hankali, zuma na shiga tana fita. Can ƙasa tafkin na ƙyalli.

Muka zauna a gefe, ta tsiyaya fura a ludayinta, ta miƙo mini gorar. Bakina kuwa ba ya iya zama shiru.

"Wanga abu akwai naci," na ce. "Ni ma da munka tashi na zo da guda, na dasa bayan tandun banda. Guda ɗaya hwa, Dudu! Yanzu kullum damina sai na tuge na zubar, in ba haka ba sai ta kore ni dag gidan. Haihuwa takai kamar ɓera."

Na juya, na ga ta riƙe ludayi a sama, furar na ɗiga a zanenta.

"Mi kic ce?"

"Cewa niy yi haihuwa takai."

"Delu," ta ce, ba ta ce uwargijiya ba. "Wanga abin bakin gulbi na. Wa yak kawo shi bisa dutse?"

A ƙasar albasa muke, ko yaro ya san kai guda na iya zama goma. Ita ma ta sani sarai. Amma a ranta Barakatu ba ta taɓa ƙara ko wata ɗaya ba, tana nan jaririyar da aka naɗe a tabarma, don haka furen ma bai ƙaru ba. Shekara goma sha biyar tana neman kara guda tsaye shi kaɗai.

Ta ajiye ludayin ta durƙusa, ta shiga cikin furannin da rarrafe, tana kaucewa kada ta karya su. Hannunta na bin ƙasa yana taɓa kawunan. Na bakin fili ƙanana ne, in ji ta, na ciki sun fi girma. Ta bi girman har tsakiya, inda suka cunkushe, ta sa yatsu ta tona kaɗan ta taɓa wani tsohon kai da ya kusa ƙoƙon shan ruwa. Daga gindinsa hannunta ya faɗa kan dutse, sannan wani, sannan wani, a jere, rabinsu ƙasa ta haɗiye. Daji ba ya jera duwatsu haka. Ta auna tsawonsu da hannunta, bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsu da kaɗan ba.

Na yi zaton za ta kurma ihu. Ni ce ma na fara kuka, ni mai baƙin bakin. Ita tana durƙushe, tafinta a kan duwatsun, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ashe ke ta. Shekara da shekaru ina zakkuwa ɗakinki, in sha hura, in yi kwana, in tashi in tahi biɗar ki wani wuri. Ko sallama ban taɓa yi miki ba."

Ta ja da baya da rarrafe har bakin filin, ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ta ce in mai da ita bakin tsagin da muka shigo. Na kai ta. Ta karkaɗe zanenta, ta gyara ɗaurin kallabi, ta tuɓe takalmanta ta ajiye su a gefe. Sannan ta juya fuskarta wajen furannin da ba ta gani.

"Salamu alaikum, Barakatu," ta ce. "Innarki ta."